Ɓarawon Da Ke Zuwa Da Muryar Ɗan'uwa

Karatu: Farawa 27:1-40

  

Yau za mu yi tunani a kan wani irin ɓarawo wanda kakanninmu ba su san shi ba. Ba ya haura katanga, ba ya fasa ƙofa, kare kuma ba ya yi masa haushi. Yakan shigo ta wayar da ke aljihunmu, ko ta kwamfutar da ke ofis. Ana kiran aikinsa kutse, ko damfara ta intanet.

Kwanakin baya wata uwa daga cikin zumuntar mata ta zo gidanmu da sassafe, idanunta sun yi ja. Ga abin da ya faru da ita. Da yamma wani ya kira ta, ya gaishe ta cikin sunan Ubangiji, ya kira sunanta daidai, ya kuma ambaci majami'ar da take sujada. Ya ce za a yi taron addu'a ta waya da dare domin marasa lafiya, an aiko mata da lambar shiga, ta karanta masa a sa sunanta. Ta duba, ga saƙo kuwa da lambobi 6. Ta karanta masa. Kafin ta gama wanke-wanke, WhatsApp ɗinta ya rufe. A daren nan matan zumunta suka sami saƙo da sunanta da hotonta, cewa ɗanta yana asibiti, a taimake ta da rance, za ta mayar gobe. Mata 3 suka tura kuɗi. Ɗaya daga cikinsu gwauruwa ce, kuɗin makarantar 'yarta ta tura.

Uwar nan ba a kan wayar take kuka ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Baba fasto, da sunana aka cuce su." Wannan magana ce ta kai mu ga karatunmu na yau.

Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe. Ya aiki babban ɗansa Isuwa jeji ya yi farauta, ya dafa masa abincin da yake ƙauna, domin ya sa masa albarka kafin ya mutu. Rifkatu tana ji. Ta san abincin da mijinta yake so, ta san inda tufafin Isuwa suke, ta san jikin Isuwa da gashi, ta kuma san lokacin da ba ya gida. Sai ta shirya Yakubu, ta sa masa tufafin wansa, ta rufe hannuwansa da wuyansa da fatar 'yan awaki, ta ba shi abinci ya kai. Ku lura, 'yan'uwa, ba da ƙarfi aka ƙwace albarkar nan ba. An tattara bayani a kan mai gida da a kan ɗansa, aka ɗinka ƙarya daidai da bayanin, mai albarkar kuwa ya bayar da bakinsa.

Kada mu ce Ishaku bai yi hankali ba. In mun ƙidaya, sau biyar ya gwada. Ya tambayi mai shigowa ko shi wane ne. Ya tambaya yadda aka yi ya sami naman da sauri haka, Yakubu kuwa ya jawo sunan Allah ya rufe ƙaryarsa da shi. Ya ce ya matso ya taɓa shi. Ya sāke tambaya ko da gaske shi ne Isuwa. A ƙarshe ya sansana tufafinsa. Kunnensa ya gaya masa gaskiya, cewa ƙaramin ne ke magana, amma hannunsa da hancinsa suka rinjaye kunnen. Dukan gwajin nan biyar a wurin maƙaryacin ya yi su, maƙaryacin kuwa ya zo a shirye da amsa. Bai kira wani bara na gida ya duba masa ba. Bai ce a dakata zuwa yamma ba. Aya ta 30 ta nuna mana cewa fitar Yakubu ke da wuya sai ga Isuwa ya shigo. Da tsohon ya jira kaɗan, da gaskiya ta shigo da ƙafarta.

Mun sani tun kafin a haifi tagwayen nan Allah ya riga ya faɗa wa Rifkatu cewa ƙaramin ne zai zama gaba. Amma Allah ba ya bukatar ƙaryar mutum kafin ya cika alkawarinsa, za mu kuwa ga abin da ƙaryar ta jawo wa gidan.

In aka ce kutse, da yawanmu mukan ɗauka wani gwanin kwamfuta ne zaune cikin duhu yana fasa asirin na'ura. Akwai irin wannan. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, ta kulle abin da ke cikinsu, ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitoci suka soke ganin marasa lafiya da yawa, har da waɗanda aka sa wa ranar tiyata. Abin baƙin ciki, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓarakar tun watan Maris na shekarar, amma mutane da yawa ba su sa gyaran a na'urorinsu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka, sau da yawa hanyar Yakubu ɓarayin ke bi, gama ruɗin mutum ya fi fasa na'ura sauƙi. A ranar 15 ga Yuli 2020, shafukan Barack Obama, da Joe Biden, da Bill Gates, da Elon Musk a dandalin Twitter, wanda yanzu ake kira X, suka fara cewa duk wanda ya aiko da kuɗin intanet na bitkoyin za a mayar masa ninki biyu. Cikin 'yan sa'o'i mutane suka tura fiye da dala 100,000. Yaya aka shiga shafukan manyan mutane haka? Kiran ma'aikatan kamfanin aka yi ta waya, masu kiran suka ce su abokan aiki ne daga sashen kula da kwamfuta, har waɗansu suka ba da kalmar sirrinsu. Wanda aka kama a kan jagorancin aikin yaro ne mai shekara 17 a jihar Fulorida ta Amurka.

A watan Mayu na 2021 kuma, kamfanin Colonial Pipeline, wanda bututunsa ke kai kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, ya tsai da aiki na kwanaki, gidajen mai suka cika da layi. Ta tsohon asusu guda aka shiga, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa, ba makulli na biyu. Kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Fatar awakin ma ta ƙara kyau a zamaninmu. A farkon 2024 'yan sandan Hon Kon suka ba da labarin wani ma'aikacin kuɗi da aka gayyata taro ta bidiyo. Ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi na kamfaninsu, ya ji muryarsa, ya ga waɗansu abokan aiki da ya sani. Ya tura kuɗi sau 15, jimilla wajen dala miliyan 25. Daga baya aka gane duk fuskokin da muryoyin na'ura ce ta ƙirƙira su. Ishaku ya rasa ido amma kunnensa bai ruɗe shi ba. Mu kuwa mun kai lokacin da za a iya ruɗin idon da kunnen gaba ɗaya.

To, me za mu yi? Za mu jefar da waya mu koma aika wasiƙa ta hannun direba? A'a. Waya kyauta ce mai amfani. Da ita 'ya'yanmu ke aiko mana da kuɗin magani daga nesa, da ita waɗansunku ke jin wannan shiri. Amma wanda aka ba amana dole ya yi tsaro. Bari mu ɗauki darussa daga kuskuren Ishaku.

Na fari, mu san mabuɗanmu. Lambar sirri ta katin ATM mabuɗi ce. Lambobi 3 da ke bayan katin mabuɗi ne. Lambar da banki ke aikowa ta saƙo domin amfani sau ɗaya, wadda ake kira OTP, mabuɗi ce. Haka ma lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa. Ga yadda abin yake: in wani ya sa lambar wayarki a tasa wayar, WhatsApp zai aiko miki da lambobi 6 domin ya tabbata ke ce. Duk wanda ya shigar da su, shi ne ya zama ke, taki wayar kuma sai ta fita. Ba taron addu'a, ba tallafin gwamnati, ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi ki karanta masa waɗannan lambobi. Lambar BVN da ta NIN, kowacce mai lambobi 11, su ma ba abin rubutawa ba ne a kowace takarda ko kowane shafi da aka turo mana. Ko wanda ya kira ya san sunanka da ranar haihuwarka, wannan bai nuna shi na banki ne ba. Rifkatu ma ta san abincin da Ishaku ke so.

Na biyu, kada mu tambayi mai kiran ko shi mai gaskiya ne, gama amsarsa a shirye take. Mu bi wata hanya dabam. In saƙo ya zo da sunan fasto, ko ma'aji, ko ɗanka, yana neman kuɗi, ajiye saƙon ka kira shi a lambar da ka sani tun dā. In bai ɗauka ba, kira matarsa ko maƙwabcinsa. Ka duba sunan da ke kan asusun da aka ce ka tura wa. In ba sunan mai roƙon ba ne, tsaya nan. In an ce daga banki ne, kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka ka je reshen da kanka. Iyali ma suna iya shirya wata tambaya ta cikin gida wadda baƙo ba zai san amsarta ba.

Na uku, mu koyi jira. Kowane ɗan damfara yana da gaggawa: za a rufe asusunka yau, yaro yana ɗakin tiyata yanzu, saura mutum biyu a rufe rajistar tallafi. Yana so tsoro, ko tausayi, ko kwaɗayi ya riga hankalinka isa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, sun kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Minti goma na jira da addu'a da kira ɗaya sun isa Isuwa na gaskiya ya shigo.

Na huɗu, mu sa makulli biyu. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka zaɓi lambobi 6 naka na kanka. Facebook da imel su ma suna da irinsa. Mu sa lambar sirri a kan waya, mu sa a kan sim ɗin kansa, gama wanda ya tsinci sim da ke haɗe da asusun banki ya tsinci ƙofar rumbu. Kada shekarar haihuwa ko 1234 su zama lambar sirrinmu, kada kuma kalma ɗaya ta buɗe dukan ƙofofinmu. In waya ta ce a sabunta manhaja, mu sabunta. Mu tambayi bankinmu yadda ake rufe asusu cikin gaggawa, mu rubuta a takarda mu ajiye a gida tun waya ba ta ɓace ba. A wurin mai POS kuma mu rufe hannu sa'ad da muke danna lamba. Matasa, wannan hidima ce da za ku yi wa ikkilisiya: bayan sujada ku zauna da iyaye ku nuna musu, amma ku bar su su danna lambarsu da kansu, ku kau da ido.

Muna da magana kuma ga dattawan ikkilisiya, da magatakarda, da ma'aji. Littafin membobi yana ɗauke da sunaye, da lambobin waya, da ranakun haihuwa, da sunayen gwauraye da marasa lafiya. Daga irin wannan jeri ne mai kiran nan yakan san sunan uwa da majami'arta. Kada mu riƙa watsa shi a kowane zaure na waya, kada kuma mu bar wanda ba mu sani ba ya shiga zauren zumunta. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka makiyayi ya san ba a nuna wa kura ƙofar garke. Kuɗin ikkilisiya kuma kada ya fita a kan saƙon mutum ɗaya, ko da sunan wane ne ya zo. A bar mutum biyu su tabbatar, baki da baki.

Yanzu bari mu juya ga wanda aka riga aka cuta. Littafi ya nuna mana Ishaku yana rawar jiki ƙwarai sa'ad da ya gane, Isuwa kuma yana kuka mai zafi. Mun san akwai masu sauraronmu da suka yi irin wannan kuka a ɓoye, ba su gaya wa miji ba, ba su gaya wa mata ba, domin kunya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in an ruɗi ma'aikatan manyan kamfanonin duniya, ba abin mamaki ba ne a ruɗe ka. Matan nan 3 saboda ƙauna suka tura kuɗi, zunubin yana kan wanda ya mai da ƙaunarsu tarko. Shirunka ne ɓarawon ke bukata domin ya kai ga na gaba. Ka sanar da banki nan da nan, gama da sauri ne akan iya tsai da kuɗi kafin a kwashe. Ka sanar da kamfanin layinka, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Ka sa a yi sanarwa cewa ba kai ke magana a lambar ba. In WhatsApp ne, ka sāke yin rajista da lambarka. In ɓarawon ya sa nasa makullin, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka koma ciki. Mu kuma sauran, kada mu yi dariya. Uwar nan ta tsaya gaban zumunta ranar taronsu ta faɗi abin da ya faru da bakinta, matan kuwa suka haɗa hannu suka mayar wa gwauruwar kuɗin makarantar 'yarta. Haka ya kamata jikin Almasihu ya yi.

Akwai magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Yakubu ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, mahaifiyarsa ce kuma ta ɗaura masa fatar. Waɗansu daga cikin masu wannan aiki, waɗanda ake kira 'yan yahu, a gidajenmu suka girma, sun yi makarantar Lahadi, waɗansu suna cikin ƙungiyar mawaƙa. Mun san zafin rashin aiki, mun san yaro yakan gama makaranta ya zauna shekaru ba abin yi. Amma in yaro marar sana'a ya shigo da mota, uwa ta yi guɗa, uba ya yi shiru, ikkilisiya kuma ta karɓi babban baiko ba tambaya, ashe dukanmu mun taya Rifkatu ɗinki. Kada wani ya ce Turawa ne ake cuta, suna da shi da yawa. A ƙarshen wayar akwai tsohuwa da kuɗin fanshonta, akwai gwauruwa irin tamu.

Ɗana, in kana jinmu, dubi ƙarshen hanyar. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi ɗauri. Ramon Abbas, wanda duniya ta sani da Hushpuppi, ya yi shekaru yana nuna motoci da agoguna a Instagram, matasa suna sha'awa. An kama shi a Dubai a watan Yuni na 2020, a watan Nuwamba na 2022 kuma kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ko hukuma ba ta kama ka ba, dubi Yakubu. Ya gudu ya bar gida, ya yi shekara 20 a wurin kawunsa Laban, Littafi kuwa bai nuna ya sāke ganin mahaifiyarsa ba. Shi da ya shiga wurin makaho da sunan wansa, aka kai masa Lai'atu cikin duhu a maimakon Rahila. Shi da ya ruɗi mahaifinsa da riga da ɗan akuya, 'ya'yansa suka kawo masa rigar Yusufu da jinin akuya, ya yi shekaru yana makokin ɗan da ke da rai.

Amma labarin bai ƙare a nan ba, wannan ce bisharar. A sura ta 32, a bakin rafin Yabbok, cikin dare, aka sāke yi wa Yakubu tambayar da mahaifinsa ya yi masa, aka tambayi sunansa. A wannan karo ya faɗi sunansa na gaskiya. A nan ne ya karɓi sabon suna, ya karɓi albarkar da ba ta sata ba, da gari ya waye kuma ya tafi ya sadu da wanda ya cuta, da kyautai a gabansa. Ɗana, kana da sunaye goma a intanet da hotunan mutanen da ba kai ba. Allah ya san na gaskiyar, shi yake jira ka faɗa. Yesu Almasihu ya mutu domin masu ruɗi ma. Ka tuba, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa, ka zo wurin fastonka ko wani dattijo. Ilimin kwamfutar da ke kanka, bankuna da kamfanoni suna biyan mutane albashi domin su tsare su da shi. Hannun da ya iya buɗe ƙofar mutane ya iya gadinta.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai da ba a ruɗinka da murya ko da tufafi, muna gode maka domin ka san kowannenmu da sunansa. Ka ba mu hikima mu tsare abin da ka danƙa a hannunmu. Ka ba mu haƙurin jira, ka kuma tsare zukatanmu kada tsoron 'yan damfara ya kashe tausayinmu ga mabukata na gaskiya. Ka ta'azantar da waɗanda aka cuta, ka biya musu bukatunsu, ka ɗauke musu kunya. Ka juyo da 'ya'yanmu da suka bi hanyar ruɗi, ka buɗe musu ƙofar aikin da za su ci da gumin goshinsu. Ka gafarta mana inda muka yi shiru a kan abin da ya kamata mu tsauta. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Jama'a, kafin ku kwanta yau, ku ɗauki wayar nan ku sa mata makulli na biyu, ku kuma taimaki wani tsoho ya sa nasa. Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Ku zauna lafiya cikin salamarsa.